Jarrabawar satifika da makomar yaran bencin baya

A shekarar 2024 hukumomin ilimi na ƙasar Nijar suka maido da jarrabawar ƙarshen ƙananan makarantun boko, watau CFEPD, wadda jama'a suka fi sani da sunan satifika, bayan an yi kusan shekara 10 ba a yin ta. Uwayen yara da yawa, birni da ƙauye, sun yi marhabin da wannan mataki, kuma suna da hujjarsu. A cikin shekarun da babu jarrabawar an sha jin kukan malaman kwaleji cewa ana turo musu yaran da suka yi shekara 6 a lakwal, amma ba su iya karanta layi biyu na faransanci, ba su kuma iya raba 84 gida 4. Ƙasar da take kashe dukiyarta wajen gina azuzuwa da biyan malamai tana da hakkin ta san abin da kuɗinta suka haifar. Haka kuma uban da ya janye ɗansa daga gona ko daga kiwo domin lakwal yana da hakkin a nuna masa sakamako.

Amma akwai tambayar da ba a cika yin ta ba a ranar da ake shelar sakamako ana guɗa a gidajen waɗanda suka ci: ina sauran yaran da aka rubuta sunayensu tare da su a ajin CI shekara 6 da suka wuce? Wasu sun zauna jarrabawar sun faɗi, su kam an ƙidaya su. Wasu kuwa ko ƙofar ɗakin jarrabawar ba su kai ba. Sun zube a hanya ɗaya bayan ɗaya, babu takardar da ta kore su, babu kuma wanda ya bi sawunsu. Da yawa daga cikinsu yara ne da karatu yake yi wa wuya, waɗanda tun ajin farko aka tura su bencin baya aka manta da su. Muddin ana auna darajar makaranta da ta malami da yawan waɗanda suka ci cikin waɗanda aka gabatar kaɗai, jarrabawa za ta ci gaba da tura yaro mai rauni waje, ko da dokokin ƙasa duka sun ce a rungume shi.

Dokokin kuwa ba su rage komi ba. Dokar tsara ilimi ta ranar 1 ga watan Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta amince da hakkin ilimi ga kowane ɗan ƙasa ba tare da nuna bambanci ba. Kafin ta, a shekarar 1994, gwamnatoci 92 sun hallara a birnin Salamanka na ƙasar Sifen a ƙarƙashin hukumar UNESCO, suka yarda cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi dukan yara, mai lafiya da naƙasasshe, mai saurin fahimta da mai jinkiri, kuma makaranta ce za ta gyara kanta ta dace da yaro. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar kare hakkin naƙasassu, Nijar kuma ta tabbatar da ita a 2008. A rubuce ƙofa a buɗe take ga kowa. Abin dubawa shi ne abin da ke faruwa da yaro bayan ya shiga.

Lissafin da ke ɓoye yara

A ɗauki misalin makarantu biyu, kowace ta karɓi yara 60 a ajin CI. Bayan shekara 6, ta farko ta gabatar da yara 20 ga jarrabawa, 18 suka ci, sai a rubuta mata kashi 90 cikin 100, a yaba wa darektanta a gaban taro. Ta biyu ta yi haƙuri da yaranta, ta kai 50 ɗakin jarrabawa, 30 suka ci, sai a rubuta mata kashi 60 cikin 100, ƙila har a nemi darektan ya yi bayani. Alhali makaranta ta biyu ta ba ƙasa yara 30 masu satifika da wasu 20 da suka kammala aji shida, ta farko kuwa ta ba ta 18, ta watsar da 40. Lissafin da ake bi ya ɗaukaka wadda ta zubar da yara, ya ƙasƙantar da wadda ta riƙe su.

Duk wanda ya san aikin koyarwa ya san cewa malamai sun gane wannan lissafi tun da daɗewa. Babu buƙatar a ba kowa umurni. Ma'aikata tana duban jahohi, jaha tana duban sufetocin makarantu, sufeto yana duban darektoci, darekta kuma yana duban mushen ajin CM2. Da nauyin ya iso kan mushe ba shi da wanda zai miƙa wa sai yara. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga adadi ita ce a tsayar da mai rauni a CM1 ya maimaita, ko a shawarci ubansa ya ƙara masa shekara, ko a bar shi ya gaji da kansa ya daina zuwa. Yaron da ya maimaita aji sau biyu ya girme wa abokansa, ya ji kunyar zama cikin ƙannensa, sau da yawa daga nan sai tasha ko kasuwa ko ci-rani. Idan ɗiya mace ce, sai maganar aure ta taso.

Ba adalci ba ne a ɗora laifin duka a kan malami. A unguwannin manyan birane aji mai yara 70 ko 80 ba baƙon abu ba ne. A wurare da yawa azuzuwan zana ne, ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara, kuma ruwan farko na damina yake tashin su, ta haka shekarar karatu take gajarcewa ta gaba da ta baya. Tsarin darussa kuwa ba ya raguwa, dole a kai ƙarshensa kafin watan Yuni. Malamin da yake da ɗan lokaci da yara masu yawa, kuma ya san da me za a auna shi, tilas ya yi zaɓe. Sai ya kasa ajin kashi uku a zuciyarsa: waɗanda za su ci ko da bai taimake su ba, waɗanda suke bakin iyaka in an tura su kaɗan za su haye, da waɗanda ya ɗebe tsammani daga gare su. Ƙarfinsa duka sai ya tafi ga kashi na biyu. Kashi na uku kuwa abin da ake nema gare su shi ne su yi shiru.

Al'adar jera yara daga na ɗaya zuwa na ƙarshe bayan kowace jarrabawar aji tana ƙara wa abin muni. Ana karanta sunaye a fili, na farko a tafa masa, na ƙarshe a yi masa dariya, wani lokaci har da bulala a makaranta, a gida kuma a ƙara masa wata. A kowane aji dole a samu na ƙarshe, ko da yaran duka haziƙai ne. Yaron da aka kira daƙiƙi tun yana shekara 7, aka maimaita masa sau uku a kowace shekara, zai yarda cewa haka Allah ya yi shi, ya daina ɗaga hannu, daga baya ya daina saurare.

Su wane ne a bencin baya?

Kalmar daƙiƙi tana rufe abubuwa da yawa waɗanda ba su da dangantaka da ƙarancin basira. Nijar tana cikin yankin da cutar sanƙarau take yawan ɓarkewa a lokacin zafi, kuma sanannen abu ne ga likitoci cewa wasu daga cikin yaran da suka warke suna rasa jinsu, duka ko rabi. Ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa su ma suna barin irin wannan tabo. Yaron da yake ji sama-sama, an zaunar da shi can baya a cikin hayaniyar yara 70, ana yi masa magana da harshen da ba na gidansu ba, yaya za a yi ya rubuta abin da aka faɗa? Akwai mai raunin gani wanda ba ya hango babban allo, kuma shi kansa bai san cewa sauran yara suna ganin abin da ba ya gani ba. Akwai wanda ya fito gida bai karya ba, kafin hantsi yunwa ta rufe masa ido. Akwai wanda zazzaɓin sauro ya kwantar da shi makonni a farkon shekara, lokacin da aka koyar da haruffa, da ya dawo ya tarar an wuce, ba a kuwa komawa baya. Akwai kuma wata matsala da masana suke kira disleksiya, wadda take sa yaro mai cikakken hankali da wayo ya sha wuya wajen haɗa harafi da sautinsa.

Ban da su akwai waɗanda zaman gida ne ya hana su. Ɗiyar da take ɗaukar ruwa da daka da talla kafin ta zo aji, ɗan makiyayin da yake bin dabbobi in rani ya yi tsanani, da yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a jahohin Difa da Tilaberi da wasu sassan Tawa da Maraɗi, waɗanda suka yi watanni ko shekaru ba su shiga aji ba. Har ila yau akwai wanda ya daure ya kai CM2, sai a ce babu takardar haihuwa a cikin takardunsa, kuma ba a rubuta sunan ɗan jarrabawa sai da ita. Uban da ke ƙauye mai nisa, wanda bai san hanyar kotu ba, sau da yawa sai ya haƙura.

Gaskiya ne akwai makarantu na musamman, kamar makarantar makafi ta Soli Abdourahamane da ta kurame ta Hassane Bana Bâ a Yamai, kuma sun fitar da ɗalibai da suka zama abin alfahari. Amma irinsu kaɗan ne, a manyan birane suke, kuma suna karɓar wanda naƙasarsa ta fito fili. Yaran da suka fi yawa su ne waɗanda matsalarsu ba ta da suna a wurin uwaye da malamai, suna zaune a makarantar unguwa tare da kowa, an rubuta su a littafin sunaye, amma darasi yana wucewa ta kansu. Shigar da yaro aji daban, shigar da shi karatu daban.

Katangar harshe

Babbar katangar da ta fi tare yara masu rauni ita ce harshen koyarwa. Yaron da ya taso da hausa ko zabarmanci ko fulatanci ko barbarci ko buzanci ana neman ya yi aiki biyu a lokaci guda: ya koyi yadda ake karatu, ya kuma koyi faransancin da ake karatun da shi. Ɗan ma'aikacin da yake jin faransanci a gida aiki ɗaya ne a gabansa. Ranar jarrabawa kuwa takarda ɗaya ake ba su, sa'an nan a ce an yi adalci.

Wannan gado ne na makarantar zamanin mulkin mallaka, wadda aka kafa domin ta tace ƴan kaɗan da za su zama tafintoci da magatakarda da malamai. A wancan tsari yaron da aka kama yana magana da harshen uwarsa ana rataya masa alamar wulaƙanci, kuma a tsohuwar satifika irin ta Faransa kuskure biyar a shifta yana jawo sifiri, sifirin kuma yana kayar da ɗalibi ko da ya iya lissafi. Rariya ce aka ƙera, ta kuwa yi aikinta. Ita Faransa kanta ta soke tata satifikar a 1989. Makarantar da aka ce yanzu ta dukan ƴaƴan ƙasa ce ba za ta cika wannan alkawari ba in tana aiki da rariyar da aka yi domin zubar da mafi yawa.

Nijar ba baƙuwa ba ce ga maganin wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a unguwar Zango ta Damagaram inda yara suke fara karatu da hausa kafin faransanci, daga baya aka buɗe irinta da wasu harsunan ƙasa. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba hausa matsayin harshen ƙasa, ya mai da faransanci da ingilishi harsunan aiki. Amfanin wannan ga yaron bencin baya zai tabbata ne in ya fara haɗa baƙi da harshen da yake ji, kowane yaro da nasa, kuma in jarrabawa ta lissafa masa abin da ya iya da wannan harshe. Muddin satifika faransanci kaɗai take tambaya, malami da uba duka za su ɗauki darasin harshen gida ɓata lokaci.

Wani bincike da aka yi a yammacin Kenya, wanda Paul Glewwe da Michael Kremer da Sylvie Moulin suka buga a 2009, ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. An raba wa makarantun ƙauye littattafan karatu, ana tsammanin sakamakon yara zai tashi. Da aka auna sai aka ga waɗanda da ma suke kan gaba ne kaɗai suka ƙaru. Sauran ba su iya karanta littattafan ba, domin da ingilishi aka rubuta su, harshe na uku ga yawancin yaran, kuma an tsara su ne domin masu shirin cin jarrabawar ƙasa.

Awo ba ya cika rumbu

Masu ganin cewa maido da jarrabawa kaɗai zai ɗaga darajar karatu ya kamata su dubi awon da shirin PASEC yake yi a ƙasashen Afirka masu aiki da faransanci. A 2014, cikin ƙasashe 10 da aka auna, Nijar ce ta zo ƙarshe: a cikin yara 10 da suke ajin ƙarshe, ko ɗaya cikakke bai kai matsayin da ake bukata a karatu ba. Waɗannan kuwa yara ne da suka yi mafi yawan shekarunsu na lakwal a lokacin da satifika take nan. A 2019, lokacin da babu ita, adadin ya kai kimanin 3 cikin 10. Wannan ba ya nufin soke jarrabawa ne ya kawo ci gaban. Abin da yake nunawa shi ne kasancewar jarrabawa a ƙarshen aji shida ba ita take koya wa yaro karatu a aji ɗaya da aji biyu ba. Manomi yana auna hatsinsa da tiya domin ya san abin da ya samu, amma ko sau goma ya auna, rumbu ba zai ƙaru da zangarniya ɗaya ba. Awon ya kuma nuna cewa masu rauni ba ƴan tsiraru ba ne a gefen aji. Su ne mafi yawan ajin.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasashen da suka fi Nijar dukiya sun riga sun gwada ɗaure makomar makaranta ga sakamakon jarrabawa. A Ingila, a 1862, wani jami'in gwamnati mai suna Robert Lowe ya kawo tsarin da ake ba makaranta kuɗi gwargwadon yawan yaran da suka ci gwajin karatu da rubutu da lissafi a gaban sufeto. Malamai suka koma ga hadda, yara suna rera littafi ba su san abin da ke ciki ba, har sufetocin kansu, irin su Matthew Arnold, suka yi ta suka. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 aka yi watsi da tsarin.

A Amurka, a watan Janairu 2002, shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan wata doka wadda sunanta ma yake cewa kada a bar wani yaro a baya. Ta wajabta gwada yara kowace shekara a karatu da lissafi daga aji uku zuwa aji takwas, tare da hukunta makarantar da ba ta ci gaba. A 2005 wata mai bincike, Jennifer Booher-Jennings, ta bayyana abin da ta gani a wata makaranta ta jahar Texas: malamai sun mai da hankali ga yaran da suke dab da makin ci, sun yi watsi da na can ƙasa, wasu ma an sa su cikin rukunin masu bukata ta musamman domin kada makinsu ya shiga lissafin makaranta. A birnin Atlanta abin ya kai ga gyara amsoshin yara a ɓoye, har kotu ta samu malamai da jami'ai 11 da laifi a 2015, shekarar da aka maye gurbin dokar da wata. Duk da haka dokar ta bar darasi mai amfani, domin ta tilasta a gwada aƙalla kashi 95 cikin 100 na yaran kowace makaranta, a kuma bayyana sakamakon naƙasassu da na ƴaƴan talakawa daban, yadda ba za a ɓoye su a cikin jimla ba.

Abin da ya kamata a yi

Maganin bai yi nisa da gida ba. A makarantar allo, duk da matsalolin da take da su, kowane almajiri yana tafiya da ƙafarsa. Ba ya wanke allo sai ya iya abin da ke kai, kuma ba a korar kowa domin ɗan'uwansa ya riga shi kai wata sura. Wannan hikima ce ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta gina aikinta a kai. Ana yi wa kowane yaro ɗan gajeren gwaji na baki, a ga ko ya san haruffa, ko yana haɗa kalma, ko yana karanta jimla. Sa'an nan a kasa yara bisa ga inda suka tsaya, ba bisa ga ajinsu ba, a ba su wani lokaci a kowace rana suna aiki a kan abin da ya gagare su. Masana irin su Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun auna wannan hanya sau da yawa, suka ga yaran da suke can baya su ne suka fi cin moriyarta. A nan gida ma, shirin makaranta domin kowa da aka soma a jahar Tawa a 2004 da taimakon ƙasar Japan ya ƙarfafa kwamitocin kula da makarantu, daga baya kuma ya kawo tsarin da ake gwada yara, a faɗa wa taron gari sakamako, jama'a su shirya darasin cike giɓi bayan an tashi daga aji.

Saboda haka abu na farko shi ne a sake lissafi. Kowace makaranta ta riƙa bayyana adadi uku tare: yara nawa ta karɓa a CI, nawa ne cikinsu suka kai CM2, nawa suka ci satifika. Yabo da lambar girma su tafi ga makarantar da ta riƙe yaranta ta kuma koya musu. Duk yaron da yake CM2 a gabatar da shi, kada a bar wa darekta ikon tace sunaye, kuma hukumomin gari su gama maganar takardar haihuwa tun yaro yana CI, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, a mai da ƙarfi ga ajin farko da na biyu. An saba ba ƙwararren malami ajin CM2 saboda jarrabawa, a bar ƙananan azuzuwa ga sabon shiga, alhali a can ne ake cin yaƙin ko a rasa shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwajin minti biyar na baki, sau biyu ko uku a shekara, wanda ba a jera yara da shi kuma ba a hukunta malami da shi, ya isa ya nuna wanda aka bari a baya tun kafin giɓin ya yi faɗi. Sa'a ɗaya a kowace rana a ware ta domin kowane yaro ya yi aiki a inda ya tsaya.

Na uku, a duba ido da kunnen kowane yaro a shekararsa ta farko. Wannan ba ya bukatar babban likita. Malamin asibitin gari da mushen da aka nuna wa yadda ake yi suna iya gane mafi yawan masu matsala. Wani tabarau kaɗai yake bukata, wani a dawo da shi bencin gaba, wani a kai shi asibiti. Makarantun horar da malamai kuma su koya wa ɗalibansu alamun waɗannan matsaloli kamar yadda suke koya musu nahawu.

Na huɗu, ita jarrabawar kanta a gyara ta ta dace da masu zama. Makaho a ba shi tambayoyi da rubutun Braille, mai raunin gani a buga masa da manyan haruffa, kurma a sama masa mai fassara da hannu, wanda rubutu yake yi wa nauyi a ƙara masa lokaci, kamar yadda ake ƙara sulusin lokaci ga irin waɗannan ɗalibai a Faransa. Wanda ya faɗi kuma kada a sallame shi hannu wofi. A ba shi shaidar abin da ya iya, a buɗe masa hanyar cibiyoyin koyon sana'a ko ta sake gwadawa.

Za a samu masu cewa wannan duka sassauci ne da zai zubar da darajar satifika, ya kuma danne haziƙai. Tsoronsu abin saurare ne, domin ƙasa tana bukatar likitoci da injiniyoyi, kuma takardar da kowa yake samu ba tare da ya iya komi ba yaudara ce. Amma babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da ya ce a rage makin ci ko a sauƙaƙa tambaya. Makahon da ya amsa tambayar lissafi da rubutun Braille ya amsa tambaya ɗaya da ta kowa. Hazikin yaro kuwa shi ma yana cutuwa a ajin da kashi biyu cikin uku ba su fahimtar darasi, domin malami yana ɓata rabin lokacinsa wajen tsawatar wa waɗanda zaman banza ya gundura. Kuma babu wanda ya san likitoci nawa ƙasar nan ta rasa a bencin baya saboda rashin tabarau.

Aikin ba na ma'aikatar ilimi kaɗai ba ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarakuna da masu unguwanni da kwamitocin makarantu da ƙungiyoyin uwaye mata suna da abin yi wanda ba ya cin ko dala. Idan aka kira taron gari bayan fitowar sakamako, darekta ya miƙe ya faɗi kashi nawa cikin 100 suka ci, sai a yaba masa, sa'an nan a roƙe shi ya ɗauko littafin sunayen ajin CI na shekara 6 da suka wuce ya karanta su ɗaya bayan ɗaya. Kowane sunan da ba ya cikin masu jarrabawa, a tambayi inda mai shi yake da abin da ya fitar da shi, domin a gari ɗaya ake zaune, kowa ya san gidansu. Daga nan a ɗauko littafin ajin CI na bana, a tambayi mushe su wane ne har yanzu ba su gane haruffa ba, a kuma tsai da ranar da za a soma yi musu darasin cike giɓi.